ZAMNA KO ZAUNA? TSOKACI A KAN KARIN HARSHE DA ASALIN KALMOMI A LITTATTAFANMU

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Saboda haka kafin mu ɗora wa marubutanmu laifi, bari mu fara da namu. Wata rana muna duba insha'in 'yan aji huɗu, sai muka ci karo da takardar wani yaro wanda iyayensa suka taso daga ƙasar Zamfara. Ya rubuta cewa baƙi sun zo, an shimfiɗa musu tabarma, sun "zamna". Nan take muka sa jan biro muka soke kalmar, muka rubuta masa "zauna" a samanta, muka kuma rage masa maki. Da aka raba takardu sai yaron ya biyo mu har ƙofar ofis, ya rusuna ya ce, "Malam, in zamna kuskure na, don mi aka cewa zama, ba a cewa zawa?" Ba mu da amsa a ranar. Abin da ya cece mu shi ne ƙararrawar komawa aji.

Wannan tambaya ita ce ta sa muka koma wa littattafan da muka daɗe da jingine su tun zamanin kwaleji, kuma ita ce mafarin wannan tsokaci. Abin da muke son mu nuna shi ne, yawancin marubutanmu na ƙagaggun labarai, da masu tace musu rubutu, da mu kanmu malamai, muna yanke wa kalmomi hukunci ba tare da mun san asalinsu ba. Wani lokaci mu kira tsohuwar Hausa kuskure, wani lokaci kuma mu ƙago wa kalma asalin da ba nata ba, mu buga a littafi, yara su haddace.

Yadda Kananci ya zama ma'auni

Ba mu zo rushe Daidaitacciyar Hausa ba. Duk harshen da ake rubutawa yana bukatar ma'auni guda, in ba haka ba mutumin Azare zai buga littafin da mutumin Dogon Dutsi ba zai karanta da daɗi ba. Amma ya kamata mu tuna cewa ma'aunin nan mutane ne suka zaɓe shi, a lokacin da aka sani, bisa dalilan da aka sani. A Nasarawa ta Kano Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a 1909. Kano ce kuma cibiyar ciniki, Hausarta ce fatake suka fi yawo da ita. Da aka kafa Hukumar Talifi a Zariya, aka yi gasar rubutu ta 1933 wadda ta haifar da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shehu Umar, sannan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, sai hanyar rubutu ta miƙe a kan Hausar gabas. Hukumar Harshen Hausa ta 1955, da taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980, duk gyara suka yi wa wannan hanya, ba su sake wata ba.

To, zaɓen Kananci don sauƙin bugu da koyarwa abu ne daban, cewa Kananci ya fi sauran asali kuma abu ne daban. Na farkon gaskiya ne. Na biyun kuwa babu hujjar da ta tsaya masa.

Tsohuwar Hausa a bakin mutanen yamma

Amsar tambayar ɗalibinmu tana nan a rubuce tun 1928, lokacin da wani Bajamushe masanin harsuna, August Klingenheben, ya lura da wata ɗabi'a ta Hausa. Ya ga cewa baƙaƙe irin su "b" da "m" da "k", idan suka zo a ƙarshen gaɓa, sukan narke su koma "u". Baƙaƙen leɓɓa, wato "b" da "m", a Hausar gabas suka narke, a ta yamma kuwa suna nan daram. Shi ya sa Basakkwace yake cewa sabka da sabro da abduga da tabshi, Bakano kuma yake cewa sauka da sauro da auduga da taushi.

Mai karatu zai iya tambaya, ta yaya aka san na yamma ne tsoho? Ai shaidar tana cikin bakin Bakanon kansa. Yana cewa zauna, amma in ya zo ga sunan aikin sai ya ce zama. Yana cewa saurayi, amma jam'insa samari, ba sawari ba. Yana cewa aure, amma wadda aka kawo amarya ce. Yana ɗaure kaya, amma in zai yi kokawa ɗamara yake yi. Wannan "m" da ke fitowa a zama da samari da amarya da ɗamara ita ce ta asali, ita ce kuma mutumin yamma ya riƙe a zamna da samrayi da amre da ɗamre. Haka nan juji, jam'insa jibaje, ga "b" ɗin nan ta leƙo. Irin wannan narkewa ce ta sa muke da talaka amma talauci, ɓauna amma ɓakane, Buzu amma Bugaje, zuciya amma zukata.

Haka kuma kalmar 'ya. Malamai da yawa sun sha wahalar bayyana wa yara inda wannan baƙi mai ɗauri a ka ya fito. To daga ɗiya ya fito. An yi ta faɗin ɗiya da sauri har ta dunƙule ta koma 'ya, aka ninka ta ta zama 'ya'ya. Mutumin Sakkwato da na Maraɗi da ke cewa ɗiyata, uwar kalmar yake faɗa, mu kuma 'yarta muke rubutawa.

Ashe ke nan ranar da muka soke "zamna" da jan biro, kaka muka kora don jika ya zauna. Ba mu ce mun yi kuskure da muka nuna wa yaron yadda ake rubutawa a jarrabawa ba, domin in ya rubuta zamna a can za a ci shi tara. Kuskurenmu shi ne da muka bar shi ya tafi da tunanin cewa Hausar mahaifiyarsa gurɓatacciya ce.

Karin harshe a bakin taurarin labari

Yanzu bari mu waiwayi littattafanmu. Tun daga shekarun 1980 da littattafan soyayya suka fara cika kasuwa, har zuwa yau da ake karanta su a wayar hannu, mun lura da abubuwa uku.

Na farko, a mafi yawan labaran kowa Bakano ne. Marubuci zai ce mana an yi abu kaza a Argungu ko Gusau ko Damagaram, amma daga Sarki har mai tallan goro duk Hausar Fagge suke yi. Tsohuwar da aka ce ba ta taɓa fita ƙauyensu na ƙasar Gobir ba, sai ka ji ta buɗe baki tana magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma a littattafanmu tsuntsaye duka kuka ɗaya gare su. Wannan yana rage wa labari armashi, domin mai karatu da kunne yake gane mutum kafin ya gane shi da tufafi.

Na biyu, kuma shi ya fi ciwo, idan marubuci ya tuna da karin harshe to don ban dariya ya tuna da shi. Wa ake sa wa Sakkwatanci a baki? Mai gadi, ko ɗan ga-ruwa, ko baƙauyen da ya zo birni ya ga fanka ya ruga. Wa ake sa wa Zazzaganci? 'Yar aikin da za ta ce "matan shi ne" a yi mata dariya. Ba mu cika ganin likita ko alƙali ko malamin jami'a yana cewa "wanga" ko "shina" ba, alhali kuwa muna da su birjik a raye. Finafinai ma sun ɗauki wannan hali sun ƙara masa gishiri. Yaron da ya taso yana karanta irin wannan, me zai ɗauka game da harshen gidansu? Mun ga ɗalibai da suke yin shiru a aji wata da watanni, ba don rashin sani ba, sai don gudun kada su ce "mi" a maimakon "me" aji ya fashe da dariya. Wannan karin da ake mayarwa abin wasa, da shi fa Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Jankiɗi da Sa'idu Faru suka yi waƙoƙin da har gobe ake rubuta kundayen digiri a kansu, kuma Hausar yamma ce ta ɗauki waƙoƙin su Nana Asma'u.

Na uku, wanda ma ya yi niyyar kirki sau da yawa ba ya tsayawa ya koya. Ya ji ana cewa "munka" da "hwa", sai ya barbaɗa su ko'ina kamar yaji. Karin harshe kuwa yana da ƙa'idarsa, ba ta kuma fi ta Kananci sassauci ba. "Munka" takwarar "muka" ce, ba ta "mun" ba. Basakkwace zai ce "jiya munka taho", amma in ka tambaye shi ko sun ci abinci, "mun ci" zai ce maka, ba "munka ci" ba. Haka nan "hw" kafin wasalin "a" take zuwa, kamar a hwari da hwaɗa da hwara. Kafin "i" da "u" kuwa "h" ce zalla, kamar a hita da tahi da hura. Saboda haka marubucin da ya sa tauraronsa ya ce "hwita" ya ƙago Hausar da babu mai yin ta daga Kwanni har Yawuri. Mutumin yankin da ya karanta haka zai ajiye littafin, ya san ba a ɗauke shi da daraja ba.

Akwai kuma wata ɓarna da ke faruwa wajen juyar da tsofaffin waƙoƙi daga ajami zuwa boko. Mai juyi ya ga "sunka" sai ya mayar da ita "suka", yana ganin gyara ya yi. Bai lura ba cewa gaɓar "sun" mai nauyi ce, ta "su" kuwa marar nauyi, kuma waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya. Da zarar an cire wannan "n" ɗin, karin waƙar ya karye, mai rerawa sai ya yi ta tuntuɓe. Shi ya sa ma za ka ga mawaƙan da ba 'yan yamma ba suna aron "munka" da "sunka" idan ma'aunin baiti ya bukata.

Suna linzami

Abin da muka faɗa game da kalmomi ya shafi sunaye. Bahaushe ba ya raɗa laƙabi a banza. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande ko Delu mace ce da ta biyo bayan maza, Gambo mabiyin tagwaye ne, Cindo mai yatsa shida, Shekarau wanda ya daɗe a ciki har aka ƙosa. Ajuji kuwa labarin baƙin ciki ne dunƙule a kalma ɗaya: uwa ce mai wabi, 'ya'yanta suna ta mutuwa, sai aka kai jaririn juji aka ajiye kamar ba a so, don mutuwa ta raina shi ta wuce. Ladi da Talatu da Balaraba da Lami da Jummai da Asabe ranakun haihuwarsu suke ɗauke da su. Sani da Salisu da Rabi'u da Hamisu har zuwa Ashiru lissafi ne na Larabci, na biyu da na uku da na huɗu da na biyar har na goma. Binta daga kalmar Larabci ta 'ya mace ta fito, shi ya sa take tafiya tare da Fatima, 'yar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ga kuma sunayen sakayawa irin su Abba da Uwani da Mai Sunan Malam, waɗanda kunya ta haifar, domin ba a iya kiran sunan mahaifi ko suruki gatsau.

Wannan taska ce ga mai rubuta labari. Da suna ɗaya zai iya gaya mana tarihin gida ba tare da ya ɓata shafi biyu ba. In ya ce sunan yarinyar Ajuji, mai karatu ya riga ya san dalilin da uwarta ba ta barinta ta je rafi ita kaɗai. Amma me muke gani? Taurarin labari duk sunayensu na ƙasashen Larabawa ne na zamani, waɗanda kakanninmu ba su taɓa ji ba, sunayen gargajiya kuwa an bar wa direba da mai wanke-wanke. In ma an yi amfani da su, sai ka tarar da Gambo ɗan fari, ko Tanko a gidan da babu 'ya mace ko ɗaya. Mun sani ana iya gadon irin wannan suna daga takwara, to amma sai marubuci ya nuna mana ya san haka, ko da da jimla ɗaya ce.

Kama da wane ba ta wane

Ɗaya ɓangaren matsalar shi ne ƙagen asali. Kunnen ɗan Adam yana son ya ji kalma ta yi kama da wata, ya haɗa musu zumunci. Kowa ya san labarin cewa sunan Hausa daga "hau sa" ya fito, wai wani ne ya zo a kan sa. Amma "sa" na shanu jansa ake yi, murya ta faɗo, alhali na ƙarshen Hausa gajere ne, murya a sama. Haka nan fassara Bayajida da "ba ya ji da", da Karɓagari da Bawo. Waɗannan hikayoyi adabi ne mai daraja, ya kamata a adana su, a koyar da su a matsayin hikaya. Laifin shi ne a kawo su a gabatarwar littafi ko a darasi a ce ga tabbataccen tarihi.

Misalin da ya fi kowanne yaɗuwa shi ne boko. Mun daɗe muna gaya wa yara cewa daga kalmar Ingilishi ta littafi, wato "book", aka samo ta, don kawai sun yi kama. A 2013 Paul Newman ya yi rubutu musamman a kan wannan, ya nuna boko Bahaushiyar kalma ce tsohuwa mai nufin abin da ba na gaske ba, ko algus. Duk wanda ya san amaryar boko, wadda ake lulluɓawa a ɗora kan doki a maimakon amaryar gaskiya, ko ya san biri-boko, ya san kalmar ba ta jira zuwan Turawa ba. Kakanninmu da suka kira sabon karatun nan boko, ra'ayinsu suka faɗa a kansa. Wanda ya ce daga Ingilishi ta zo ya shafe wannan yanki na tarihinmu.

Abin mamaki kuma, kalmomin da muke rantsuwa namu ne tsantsa su ne sau da yawa baƙi. Kwabon da ke cikin sunan jaridarmu ta farko daga sunan jan ƙarfe ya fito a Ingilishi. Sisi da sule ma kuɗin Ingila ne, kuma ko da yake naira ta kore su tun 1973, har yau muna cewa ba mu da ko sisi. Dala ta kuɗi daga tsohuwar azurfar Turai mai hoton Mariya Tariza ta samo suna, ba ta da dangantaka da Dutsen Dala na Kano ko kaɗan. A Nijar kuwa har yau dala tana raye, tana nufin sefa 5. Kasuwa asalinta Larabci ne, amma ta Borno ta biyo, ta ɗauko "ka" a bakin Barebari kafin ta iso mu, kamar yadda Galadima da Ciroma da Yarima suka zo daga can. Lafiya da labari da laifi da lokaci duk Larabci ne, "l" ɗin farkonsu ragowar "al" ce, wadda ta fito sarai a albasa da alkama da aljihu da allura. Takobi da takarda ta hannun Buzaye muka karɓa. Ashana da agogo da akawu daga Yarabawa. Ɗan Nijar yana zuwa lakwal wurin mushe, ɗan Nijeriya yana zuwa makaranta wurin malam ko ticha, kowa da Baturen da ya mulke shi.

To in harshen da muke tinƙaho da shi haka ya tattaro kayansa daga gabas da yamma, kudu da arewa, da wane baki za mu ce wa habɗin Basakkwace ba Hausa ba ne, sai toka kaɗai?

Kammalawa

Ba mu ce kowane marubuci ya zama masanin ilimin harsuna ba. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Marubuci ya yi bayaninsa da Daidaitacciyar Hausa, amma in ya buɗe bakin tauraronsa ya bar shi ya yi Hausar garinsu, mai mutunci da marar mutunci duka. In bai iya karin ba, ya kai wa ɗan yankin ya duba masa kafin a buga, ai ƙungiyarmu tana da rassa a jihohi, kuma tambaya ba ta zama gori ba. Masu tace rubutu su bambance kuskuren ƙa'ida da karin harshe. Kafin kuma a rubuta cewa kalma kaza daga wuri kaza ta fito, a leƙa ƙamus. Na Bargery da aka buga tun 1934 yana nuna yankin da ake amfani da kalmomi da yawa, ga kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Mu kuma malamai, jan bironmu ya riƙa tafiya da bayani. A ce wa yaro, "Haka ake faɗa a gida, daidai ne, amma ga yadda ake rubutawa a jarrabawa."

Shi kuwa ɗalibin namu, bayan mako biyu muka kira shi gaban aji, muka rubuta zamna da zama da samrayi da samari a allo, muka sa shi ya karanta su da Hausar gidansu. Muka gaya wa 'yan ajin cewa tambayarsa ta fi amsar da muka ba shi. Makin da muka rage dai ba mu mayar ba, domin ƙa'idar jarrabawa tana nan, amma daga ranar ya fara ɗaga hannu a aji.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Muna fatan 'yan'uwa marubuta, musamman na Sakkwato da Katsina da Bauci da Zazzau da Damagaram, za su aiko wa wannan mujalla da kalmomin yankunansu da suke ganin suna neman ɓacewa, domin a tattara su tun masu faɗinsu suna raye. Allah Ya sa mu dace, amin.